Jiminar Hambali

Dokokin gidana ba ni na ƙago su ba, gadonsu na yi:
ana idar da lisha, a sa wa zaure kwaɗo;
ba a cin tuwo a ɗaka kamar ɓarawo;
duk mai numfashi a tsakar gidan nan
ko ya yi aiki, ko ya shiga tukunya.
Shekara arba'in, ko akuya ba ta musa mini ba.

Sai masaƙa ta rufe a birni,
Hambali ya dawo Ɗanzomo
da shekara talatin da uku da jaka guda.
Muka kwashe buhunan riɗi daga ɗakinsa na samartaka.
Ƙafarsa ta fi gadon tsawo.

Wata Alhamis na aike shi Maigatari sayen tunkiya,
ya dawo da kwali mai huji.
Na leƙa. Wuya kamar igiyar guga,
ido kamar na mai bin bashi.
"Jimina ce, Baba. Ƙwanta ɗaya ya ƙosar da gida."
Na ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
balle wannan da ba akurkin da zai ɗauke ta.
Tabawa ta taɓo ni da gwiwar hannu:
"Ƙyale shi, Malam.
Tun da ya dawo, sai yau na ga haƙoransa."

Ta ci dawa, ta ci ƙusa, ta ci cokalin shayi,
ta ci ɗankunnen Tabawa na hagu.
Carbina ya tsinke, kafin in duƙa
ta rage mini tasbihi uku.
Damina na zagayowa ta wuce katanga,
tana leƙa matan Ɗan'azumi suna daka,
har ya zo da kansa, hula a karkace,
wai in ja wa tsuntsuwata kunne.
Ina kunnen yake?

Sannan gashinta ya rine baƙi wuluk.
Ashe namiji ne.
Babu ƙwai, ba za a yi ba,
amma baki ya riga ya saba da "ita".

Ranar da na aje ɗan makulli gefen buta
ina shafar kai, na ji ƙwat.
Na bi shi da ido yana gangara wuyan nan
a hankali, kamar guga a rijiya.
Kwana huɗu Hambali na bin ta da tsinke
yana tonon kashi. Shiru.

A daren na biyar na buɗe baki:
"Ga fiffike, ba tashi.
Ga tsawo, ba amfani.
Sai ci, sai tsayuwa a gidan mutane!"
Hambali ya tsame hannu daga kwano.
"Da wa kake, Baba?"
Tuwon ya huce a tsakaninmu.
Ni da nake raba gardamar gona a gaban dagaci,
na rasa kalma ɗaya.

Yanzu da asuba yake fita Gumel,
yana koyon gyaran famfon sola a wurin yaron da ya girma.
Sai dare ya raba yake dawowa.
Kowace kasuwa ina wuce mai kwaɗuna,
in ɗaga wannan, in taya wancan,
in aje.

Nakan zauna a zaure, ƙofa a sakaye.
Ita kuma tana can, kai bisa katanga, tana duban hanya.
In ta hango fitilar babur tun daga kukar Barmo
sai ta baza fiffike, ta hau juyi kamar mai bori,
ni kuma in naɗe buzuna da sauri
kada ya tarar ina jira.

Tabawa ta ce, "To, ina dokar taka?"
Na ce tana nan daram.
Jimina ta samu aiki: gadi.
"Shi fa?"
Na juya wa bango fuska.
Na ce shi aikinsa ya dawo.