Rigar Jijiya

Ƙarfe uku na dare a Balfaraiso.
Jiragen ruwa sun yi lamo a bakin gaɓa,
ni kaɗai na rage a hawa na huɗu,
ni da 'yan kifayena, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba,
jiki garau kamar gilashi,
har jijiyar bayansu ana hange.

Ran Litinin na ƙone wa ɗaya rigar jijiya
da tsinken haske. Na ba shi haƙuri.
Mayalin muke ce wa rigar nan:
farin kitse, naɗi bisa naɗi,
yadda mai gyaran lantarki ke naɗe waya
kada wuta ta tsiyaye a hanya.
In ta yage, saƙo ya baro kai da gudu,
ya iso yatsa da rarrafe,
ko ya kwana a hanya.

Haka saƙon Baltasar ke kwana.
Yayana ne. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaurin kaya a tashar jirgi,
ƙulli iri goma sha bakwai ya iya, ido rufe,
har ranar da ƙugiyar injin ɗaga kaya ta kuɓuce
ta same shi a bayan kunne.
Yanzu maɓallin riga guda
kan cinye masa rabin hantsi.
Kalmar cokali tana nan, in ji shi, a bayan haƙora,
ta ƙi fitowa.

Uwarmu Edubihis ba ta gajiya da tambaya:
Himena, duk karatun nan, yaushe?
Na ce, Inna, ni likitar kifi ce.
Ba ta yi dariya ba.

Na sunkuya kan madubin na'ura.
Ga wata ƙwayar halitta ta miƙo siririn hannu,
tana laluben jijiyar da ke tsirara
kamar mai neman sakata cikin duhu.
Ta taɓa. Ta janye. Ta sake taɓawa.
Sai ta zagaya sau ɗaya.
Shayina ya huce, ta zagaya na biyu.

Sabuwar riga ba ta kai tsohuwa kauri,
kowa a ɗakin nan ya sani.
Kifi shida cikin arba'in.
Na rubuta shida, ban ƙara ko ɗigo ba,
don tsakanin kifi da mutum akwai teku,
kuma da cokali muke kwarfarsa.

Da gari ya waye na hau tudu, ƙafa tana ciwo.
Na tarar da shi a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a cinya,
igiya tsakanin yatsu masu rawa.
Na miƙa hannu. Ya harare ni.
Na zauna a kan matakala, na haɗiye taimakona.

Ya zagaya sau ɗaya.
Ta zame.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka.
Ya sake kamo bakin igiyar.