Mai Sayar da Teku a Wuse

Ƙarfe takwas nake buɗe ofis a Wuse,
in kunna fanka, in miƙe hoton bango
wanda kullum sai ya kwana a karkace:
wani tsibiri ne can Karebiyan,
yashinsa fari kamar an shanya alabo,
ruwansa shuɗi, ka ce marina ce ta ɓalle.

Ban taɓa ganin teku ba.
Amma shekara shida ke nan ina sayar da shi.

Na san otal ɗin da ke bisa tudu
fiye da yadda na san layinmu a Nyanya.
Ɗaki na sha biyu, tagarsa na duban gabas,
shi na ba Alhaji Tanimu, mai tambayar alƙibla
tun kafin ya tambayi kuɗi.
Na san masaukin wata tsohuwa daf da kasuwar kifi,
gado biyu, ɗan madafi, da zakara mai tashin baƙi.
Can na tura Madam Rifkatu da kuɗin sallamarta,
don ta ce, "Uwani, kar ki kai ni inda zan ci bashi."

In sun ce, "To, me za mu yi a can?"
sai bakina ya kama gudu kamar mai biya hadda:
ku shiga kwalekwale mai gindin gilashi,
kunkurun ruwa zai wuce ƙarƙashinku ko gaisuwa babu.
Akwai kogon da ke ɗigar ruwa dare da rana.
Daren Juma'a ana suyar kifi a bakin gaɓa,
samari na kaɗa durom ɗin mai har ya yi zaƙin murya.
Kar ku je lokacin guguwa.
Ku riƙe malafa, ranar can ba ta da kunya.

Sai su ce, "Ashe kin je?"
In yi murmushi, in danna na'ura ta tofo tikiti.

Ran Talata Madam Rifkatu ta dawo,
ta yi baƙi, ta yi kumatu, dariya har kunne.
Ta ce, "Ga abin da takardarki ba ta faɗa ba:
zoɓo suke sha, Uwani! Da citta, da kanumfari.
Tsohuwar nan ta tuƙa min tuwon masara da kuɓewa,
da muciya irin ta gidanmu.
Na ce, wa ya koya muku?
Ta ce kakar kakarta ce,
wadda aka kawo a jirgi ba da tikiti ba,
ba kuma wanda ya tambaye ta ɗakin da take so."

Muka yi shiru. Fanka na ta juyawa.
Waya ta yi ƙara, na bar ta ta gaji.

Kafin ta fita ta ajiye min katantanwar teku,
cikinta ja-ja kamar dasashin jariri.

Da yamma, a cunkoson gangaren Kugbo,
kwandasta na rigima kan canjin ɗari biyu,
mai gurasa na cusa hannu ta taga,
na ɗora ta a kunne.
Wani abu na numfashi daga nesa,
ya zo, ya koma, ya zo,
kamar Inna in barci ya ɗauke ta kan sallaya.
Har muka wuce tasharmu ban ce "akwai" ba.

Adashina zai fito a Disamba.
Na lissafa: bai kai ni rabin hanya ba,
ga kwanon ɗakin Inna na yoyo.
Wataƙila ran Lahadi in je tafkin Jabi,
in biya kwalekwale na minti goma,
in rufe ido, in ce gishiri nake shaƙa.

Da safe na sake miƙe hoton.
Na daɗe tsaye, mayafi a hannu,
ba yashin nake kallo ba, ba lemomin hutawa ba;
can bayan itatuwan kwakwa nake leƙe,
ko zan hango hayaƙin murhu,
da wata mai kama da gwaggona
tana tuƙi, ta juya wa teku baya.