Majigi a Hawa na Uku

Winnipeg, daren Alhamis, sanyi har ɓargo.
Na hau bene da kujeru bibbiyu a kowace hammata,
don lif ɗin ginin ya mutu tun ban zo duniya ba.
Da can masana'antar riguna ce.
Har yau daɓen katakon na riƙe da ramukan ƙusa
inda kekunan ɗinki suka kafa ƙafa shekara arba'in.

Ba mu da shugaba. Tsintsiya ɗaya gare mu,
da takardar haya da ba ta taɓa makara ba,
da gwangwani a bakin ƙofa: abin da ya sawwaƙa.
Jiya Rodel ya shafe bango da farin fenti,
warin bai gama fita ba.
Delphine ta toshe tagogi da baƙar leda.

Mutum sha tara, ta takalma na ƙirga.
Ɗalibai, da direban bas da ya ƙi cire hula,
mata biyu da ɗumi kawai ya shigo da su,
sai Halyna da sandarta,
wadda jikarta Oresta ta ɗauki hoton hannuwanta
na minti goma sha ɗaya.

Na kashe fitila, na kunna majigi.
Hannuwa suka cika bango, kowanne ya fi ƙofa,
jijiyoyi kamar kogi da 'ya'yansa,
suna tura yadin da babu shi
ƙarƙashin allurar da babu ita
a kan teburin cin abinci.

Sauti fa? Tsit.
Na zare waya, na hura, na mayar,
na roƙi lasifika a zuci.
Ga ni da gumi, a garin da numfashi ke daskarewa a gemu.
Oresta ta yi mini kallon da gara zagi.

Can daga layi na biyu
wani abu ya taso: tirrr, tirrr, tak.
Halyna ce, da harshe da haƙoran roba,
tana bin hannuwanta na bango.
In sun tsaya ta tsaya.
In sun juya kwala ta ja numfashi.
Ɗaya cikin masu neman ɗumi ta karɓa,
ashe a ɗakin nan uwarta ta ƙarar da idanu.
Direba ya shiga taka katako da dunduniya.
Kafin minti na shida
bene ya koma bakin aiki.

Na saki wayar.

Da haske ya dawo, tafi ya yi nauyin tashi.
Wani ɗalibi ya ɗaga hannu:
shirun nan, da gangan ne? Me yake nufi?
Oresta ta buɗe baki, kakar ta riga ta:
"Kwala ɗari da ashirin a yini.
Inda ka zauna wurin Pilar ne,
kuma ta fi ni sauri."

Bayan an watse na zazzage gwangwani:
dala arba'in da uku, da maɓallin riga ɗaya.
Ina naɗe wayoyi na ga abin da ya faru,
jan kai na cusa a farin rami.
Ban faɗa wa kowa ba.

A ƙasa, Halyna na jiran tasi,
ƙanƙara na sauka a kafaɗarta,
yatsunta cikin safar hannu
ba su tashi daga aiki ba tukuna.