Kwanon da Ya Dawo

Ni ce Kobilo, mai girkin sansanin masu gudu
a gefen Iten, inda ƙasa ta yanke
ta faɗa kwarin Kerio.
Ban taɓa riƙe agogon tsere ba.
Muciya ce tawa, da tukunya mai cin gari tiya uku.

Tun duhu bai naɗe tabarmarsa ba
nakan ji fitarsu,
ƙafa ashirin da huɗu a kan jar ƙasa
kamar yayyafin farko a kan rufi.
Kafin madarar shayi ta tafaso sun ci kilomita ashirin,
su dawo suna tururi kamar shanun huɗa.

Kimurgor ne a gaba.
Ɗari biyu a mako, haka aka rubuta masa,
ya ƙara talatin a ɓoye, da la'asar,
don tseren Berlin saura wata biyu
kuma ɗakin uwarsa na yoyo.

Agogon hannunsa ya san bugun zuciyarsa,
littafin Koci Chesire ya san daƙiƙoƙinsa,
amma ni na fara gani.
Ran Talata ugalinsa ya dawo, an ɗan gutsuri gefe.
Laraba, ko yatsa bai taɓa shi ba.
Mutumin da kan suɗe kwano har ya ga fuskarsa a ciki!
Nonon da na tsiyaya masa daga gora
ya bar wa ƙuda.

Tsakar dare na fito duba murhu,
ga shi zaune a jikin tanki, ido biyu.
Ya ce, “Mama, ƙafafuna gudu suke ko ina kwance.”
Mura ta zo masa baƙunta ta ƙi sallama.
Ya yi wa ƙaramin yaro tsawa a kan cokali.
Ran Alhamis, a hawan tudu,
na bayansa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya,
kowa ya sunkuyar da kai don kunya.

Na ɗauki kwanon da sanyinsa
na dire a kan littafin koci.
Ban ce uffan ba.
Chesire ya dubi tuwo, ya dubi lambobi,
ya rufe littafi.
“Kwana goma sha biyu. Ba takalmi.”

Ban taɓa ganin namiji ya ji tsoron kujera haka ba.
Wanda tudu bai karya ba,
zama ya kusa kai shi ƙasa.
Da asuba in ya ji sawun ’yan’uwa
sai ya juya wa ƙofa baya,
yana ƙirga ƙarfin da yake zaton yana tsiyayewa.

Na ba shi wake ya tsince.
Na ce, a gonar ubana akwai kusurwa
da muke bari shekara guda, ba garma, ba iri.
Saura ke nan.
Mai wucewa ya ce lalaci ne,
ƙasa kuwa na aikinta a ƙarƙashi, inda ba mai tafi.
Ya ce, “Ni ba gona ba ne.”
Na ce, “To, tsince waken.”

Kwana uku yana cika yana batsewa.
Na huɗu ya yi barci har rana ta take tsaka,
kaji na ratsa inuwarsa.
Mai tausa ya ce ƙaurin nan da ya zama icce
ya fara komawa nama.
Ran na takwas ya yi dariya, ban san a kan me ba.

Ban san abin da Berlin za ta yi da shi ba.
Can kwalta ce da sanyi da dubban ƙafafu,
muciyata ba ta kai can.
Abin da na sani, daren jiya
ya miƙo kwano wayam, bai ko dube ni ba,
ya ce, “Da saura?”

Na ce da saura.
Na ɗora masa malmala ta biyu.
Takalmansa na ƙarƙashin buhun masara,
sai ran Litinin.