Taku Ɗari Bakwai

Daga zaurena zuwa bakin kwalta
taku ɗari bakwai ne, na sha ƙirgawa.
Da ina ji da ƙarfi ɗari biyar ne.
Ba kwalta ce ta ja da baya ba,
gwiwa ce ta koyi rowa.

Nan Rafindadi, lungu na uku bayan injin markaɗe,
inda bedin da Baba ya dasa
ya tsaga katanga bai nemi gafara ba.
Ba a cikin kasuwa muke ba, amma muna jin tarinta.
In direba ya ɗura ashar a shataletale,
da ɗuminta take iso mana tsakar gida.

Da asuba ladanai huɗu ke rabon kunnena.
Malam Barmo kullum shi ne na ƙarshe,
agogonsa tun zamanin sule da sisi,
kuma ba mai iya gaya masa.

Shekara talatin da biyu na yi a hukumar ruwa
ina rubuta wa mutane takardar biya.
Yau famfona sai huci, kamar tsohon jaki,
ni ke leƙen Mati da kurarsa.
Ya ce, "Alhaji, ai ku ne masu ruwan."
Na ce, "Mati, juye, bar tone-tone."

Kusa da gari, kusa da asibiti.
Duk wanda ciwo ya koro daga Rimi ko Kaita
an riga an kwatanta masa gidan Abashe.
Tabarmar zaure ta manta yadda ake naɗe ta.
Wata tsohuwa ta kwana tara tana jinyar jika,
ta tafi ta bar mana ƙullin daddawa,
har yau muna lissafin ta ina muka haɗa kaka.
Lantana ta ce, "Kai ma da neman magana,
yaushe tukunya ta fara tambayar asali?"

Gidan Inna Tambai ya zama shagon waya.
Inda take shanyar kuɓewa
yanzu gilashi ne da shuɗiyar fitila.
Na kusa da shi an ɗora bene,
ɗinki a sama, magani a ƙasa,
injin wuta yana gurnani har sha ɗaya.
Haka gari ke cin unguwa,
cin gara,
daga gindi, ba sallama.

Ran Laraba dillali ya zo, hula a karkace,
ya auna gaban gidana da ido,
ya kira kuɗin da sai da na ce ya maimaita.
Sagir ɗana ya matso: "Baba, can bayan gari
ga iska, ga shiru, ga wurin ajiye mota."
Shiru?
Na taɓa kwana can, gidan abokin aiki.
Shirun ne ya hana ni runtsawa.
Har gari ya waye ban ji atishawar kowa ba,
balle in yi masa addu'a ta kan katanga.

Ban ce i ba, ban ce a'a ba.
Na ce a bari bedi ya gama zubar da 'ya'ya,
na san kuwa baɗi ma zai yi wasu.

Daren jiya, bayan bene ya kashe injinsa,
sauro ya karɓi aiki,
sai na ji ana taɓa ƙyaure a hankali,
bugun mai jin nauyin mutane.
"Salamu alaikum. Nan ne gidan Abashe?
Daga Kaita muke. Sun ce gado sai gobe."

Lantana ta riga ni tashi, tana laluben ashana.
Na zura takalmi, hagu a dama.
Daga ɗakina zuwa sakata taku goma sha biyu ne.
Wannan kam
ban taɓa jin ya ƙaru ba.