Turaku Arba'in da Ɗaya

Tun duhun asuba Vendelin ya ƙwanƙwasa taga.
Ya ce iskar Tatra malalaciya ce, takan makara,
amma in ta farka ba ta tambayar sunan kowa.
Shekara talatin da huɗu yana dako a wannan hanya,
tukunyar gas a gadon baya, buhun dankali a kanta,
gwiwarsa ta hagu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Ni kuwa kayana kaɗan ne:
shayi a filas, burodi, da sandar mahaifina
wadda tafin hannunsa ya cinye wa fenti.

Cikin kurmi lafiya lau.
Bishiyoyi sun sunkuyar da kai kamar waɗanda ake bi bashi,
takalmi na nutsewa, ƙaras, ƙaras.
Sai da itacen ƙarshe ya sallame mu
muka gamu da ita.

Ba kuka ba ne, ba fito ba ne.
Mari ne.
Ta kwashi dusar ƙanƙara daga ƙasa ta watsa sama,
ta dawo da ita a kaikaice cikin wuyan riga.
Fari fat a gaba, fari fat a baya,
gashin idona ya daskare ya kama ɗan'uwansa.

Vendelin ya sa baki a kunnena:
“Zdenka, turaku su ne hanya. Arba'in da ɗaya ne zuwa masauki.
Kada ki saki ɗaya sai kin hango na gaba.
In ta taso, ki durƙusa.
Ba a kokawa da abin da ba shi da ƙugu.”

Na bakwai. Na takwas ya karkace.
A na goma sha uku ta fizge safar hannuna,
na ga ta tashi, ja wur, kamar tsuntsun da ya tuna gida.
Tsohon ya zaro safar ƙafa daga aljihu ya zura mini,
mai warin taba da kananzir.
Ban taɓa ƙaunar wari haka ba.

Ashirin da shida.
A nan, bara, mahaifina ya zauna ya huta,
hutun da ya zarce.
Tun a jirgin ƙasa nake jera abin da zan faɗa wa wurin,
amma leɓɓana sun zama itace,
turken kuwa turke ne kawai,
ƙanƙara ta yi masa gemu a gefe guda.
Na dafa shi.
Vendelin ya juya baya, wai yana gyara igiya.

Talatin da tara.
Na arba'in babu shi.

Muka durƙusa. Ido ya yi ta lalube cikin nono.
Yatsun ƙafata suka daina aiko labari.
Barci ya zo da tattausar murya, ya ce minti biyu kawai,
sai na gane wanda ya yi hira da mahaifina a ƙarshe.
Na ciji harshena har na ɗanɗani gishiri.

Can hagu, ba inda muke zato ba,
ƙarfe ya bugi ƙarfe.
Bohuslava ce, mai masauki,
tana dukan wofin tukunyar gas da guduma
duk bayan numfashi goma,
kamar yadda ta saba duk ranar da dutse ya rufe ido,
ko da mutum a waje, ko babu.

Muka bi sautin da rarrafe.

Ciki akwai murhu da romon tafarnuwa.
Yatsu suka fara dawowa da zafin allura dubu,
na yi kuka ba kunya,
kowa ya bar shi a kan na sanyi ne.
Aka ɗora kayan Vendelin a sikeli: kilo sittin da biyu.
Ya ce dankalin ya daskare, za a rage masa kuɗi,
ya yi tsaki, ya nemi ƙarin romo.

Na jingine sandar bayan ƙofa cikin sauran sanduna.
A waje tana ta jijjiga bango,
tana ƙirga waɗanda suka kuɓuce mata.
Gobe, in ta lafa, zan ari shebur
in tono na arba'in, in tsayar da shi.