Darasin Turanci a Shagon Tela

Bayan la'asar wuta ta ɗauke a Jega,
na bar keken lantarki na koma na ƙafa.
Lubabatu ta shigo da jakarta,
ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta buɗe littafi.

"Baba, gobe jarrabawa. Saurara ka ji
yadda Turawa ke magana da tufafi."

Ta ce in babu ta kama Bature
sai a ce ya ƙara matse bel.
Na dubi zariyar wandona, na yi shiru.
Tun da tiyar gero ta tashi a kasuwa
na riga su sauke wannan karatu.

Ta ce mai sana'a da yawa, wai huluna gare shi da yawa.
Na ce kai ɗaya fa Allah ya ba shi!
Ni ne tela, ni ne ladanin layinmu,
ni ke ban ruwan albasa a fadama,
hulata kuwa ɗaya ce, ta koɗe a goshi.

Ta ce in kana son sanin ciwon mutum
sai ka shiga takalminsa.
Na tuna Juma'ar da wani ya shiga nawa
a ƙofar masallaci, har yau bai dawo ba.
Ina fata ya ji ciwona:
ƙusa ce a dunduniyar hagu.

Ta yi dariya har biro ya faɗi.

Na ce rubuta namu a bayan littafin.
Mu in rigima ta haɗa mu da mutum
ƙafar wando ɗaya muke sawa.
In za a tona asiri, zani ake kwancewa a kasuwa.
Ta ce malam ba ya ba da maki a kan waɗannan.

Saura ɗaya, in ji ta:
yanka riga daidai yadinka.
Nan na ajiye almakashi.
Shekara ashirin ina gaya wa Alhaji Maidamma
yadi biyar ba ya fid da babbar riga,
yana cewa in dai ƙoƙarta.
Ashe can ma suna da irinsa.

Wuta ta dawo. Ta ci gaba da hadda,
ni kuma na jawo rigar makarantarta ta gobe
zan sake mata kalmasa, don ta ɗage.
Na farke zaren, na duba.
Ɗan yadin da na ɓoye mata a ciki bara
ya ƙare.